Littafi Ɗaya Ga Kamfanin Wuta: Abin da Manhajar ERP Za Ta Iya Yi wa Nasarawo

A unguwar Nasarawo ta cikin garin Gombe, inda injinan casar shinkafa da na matsar man gyaɗa ke ciyar da gidaje masu yawa, kukan da ake yi da wutar lantarki kashi biyu ne. Na farko shi ne ba a kawo ta yadda ya kamata. Na biyu kuwa shi ne ko an kawo ta, lissafinta ba ya fita: bil ya zo da kuɗin da mai gida bai san inda aka samo shi ba, wanda ya biya a zo yanke masa waya, taransifoma ta ƙone a shafe makonni ana cewa ana jiran kaya. Kuka na farko tushensa yana da nisa, ya kai har tashoshin samar da wuta da manyan layukan dakonta. Na biyu kuwa a cikin ofishin kamfanin rarraba wuta yake kwana, domin magana ce ta rubutu da ajiye bayani. Wannan kashi na biyu shi ne manhajar kwamfuta da ake kira ERP za ta iya gyarawa, kuma ina ganin lokaci ya yi da masu biyan kuɗin wuta za su san ta, su nemi a yi ta bisa ƙa'ida, domin aljihunsu ta shafa kafin na kowa.

Sai an waiwayi baya ake gane inda rikicin lissafin ya samo asali. An kafa hukumar NEPA a 1972, ta riƙe harkar wuta ita kaɗai fiye da shekara 30, har sunanta ya zauna a bakin mutane zuwa yau. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta mai da ita PHCN, aka kuma rarraba ta zuwa kamfanonin samar da wuta, da kamfanin TCN mai dakonta, da kamfanonin rarrabawa 11. Ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa yawancin kamfanonin rarrabawar ga 'yan kasuwa, Gombe ta faɗa hannun kamfanin JED mai hedikwata a Jos, tare da jihohin Filato da Bauchi da Binuwai. Abin da kamfanonin nan suka gada bai tsaya ga tsofaffin wayoyi da falwaya ba, sun gaji bayanai a warwatse. Kwatanta kantin da yara biyar ke tsaro, kowa da littafinsa: ɗaya na rubuta ciniki, ɗaya bashi, ɗaya kayan sito, kuma babu ranar da ake haɗa littattafan a gwada. Ko duk yaran masu amana ne, mai kantin ba zai taɓa sanin ribarsa ba, balle a ce akwai mai ɗan hali a cikinsu.

Aikin ERP shi ne ta mai da waɗannan littattafai su zama ɗaya. Sunan ya fito ne daga kamfanin bincike na Gartner a 1990, kuma manyan masu ƙera irin wannan manhaja su ne SAP na ƙasar Jamus da Oracle na Amurka. Tana tara sashen kuɗi, da na saye-saye, da na sito, da na albashi, da na kula da kayan aiki a rumbun bayanai guda, sannan a haɗa ta da tsarin fitar da bil da sayar da katin wuta. Idan taransifoma ta lalace a Nasarawo aka kai ƙara, manhajar za ta buɗe takardar aiki mai lamba da kwanan wata, ta duba ko akwai mai da fis da waya a siton Gombe, in babu ta duba na Bauchi ko na Jos. Duk abin da aka fitar daga sito za a rubuta shi a kan wannan aiki da sunan wanda ya sa hannu, kuɗinsa ya hau littafin kamfani nan take, in kayan sun kusa ƙarewa sashen saye-saye ya gani tun kafin a rasa. A ƙarshen shekara kamfani zai san sau nawa taransifomar ta ƙone, da abin da gyaranta ya ci, da ko sauya ta ya fi arha. Hukumar NERC mai kula da fannin ta sha nanata cewa gyaran taransifoma da sauya ta nauyin kamfani ne, ba na jama'ar unguwa ba. Amma muddin babu rubutun da ke nuna ranar da aka kai ƙara da inda kayan gyara suka maƙale, karo-karon da 'yan unguwa ke yi ba zai ƙare ba.

Babbar hujjata tana cikin yadda ake yanke farashin wuta a yau. Tun 2020 aka raba masu amfani da wuta rukuni-rukuni bisa yawan sa'o'in da ake ba su: rukunin A aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Ba gida-gida ake sa mutane a rukuni ba, layin da ke ciyar da taransifomarsu ake dubawa. Haka ma iyakar da NERC ta sa a Fabrairun 2020 a kan bil ɗin ƙiyasi, wato abin da za a iya caje wanda ba shi da mita, ana auna ta ne da abin da masu mita na yankinsa ke sha. Ke nan adalcin bil gaba ɗaya ya rataya ga tambaya guda: shin kamfani ya san wane gida ke kan wace taransifoma, wace taransifoma kuma ke kan wane layi? Idan rubutun ya ɗora mai injin casa a kan layin da ba nasa ba, zai biya kuɗin sa'a 20 alhali sa'a 8 yake gani. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin a Fabrairun 2024 NERC ta sanar da cire sama da naira biliyan 10 daga kuɗin shigar kamfanonin 11 saboda ƙetare iyakar bil ɗin ƙiyasi.

Mai musu zai ce manhaja ba ta kawo wuta, kuma gaskiyarsa. Da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe a Afrilun 2024, da kuma duhun da ya rufe yawancin Arewa a Oktoban 2024, babu kwamfutar da za ta iya haska ko da ƙwai ɗaya. Tashar samar da wuta ta Dadin Kowa ma megawat 40 ce ƙarfinta, ko da wace manhaja ake aiki a ofis. Sai dai a lura da hanyar da kuɗi ke bi. Kaso mai yawa na kuɗin da ke tafiyar da fannin daga hannun mai biyan bil yake fitowa: kamfanin rarrabawa ya karɓa, ya biya masu dako da masu samarwa, su kuma su biya masu ba su iskar gas. Wutar da ta zube a ruɓaɓɓiyar waya, da wadda aka sha ba a rubuta ba, da wadda aka rubuta ba a karɓi kuɗinta ba, duk giɓi ne da ke komawa baya har ya rage abin da za a samar gobe. Ba a toshe ɓarakar da ba a san inda take ba. Wannan ne ya sa rancen dala miliyan 500 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin farfaɗo da kamfanonin rarraba wuta na Najeriya ya mai da hankali ga mita da inganta tattara bayanai.

Musu na biyu ya fi nauyi: irin wannan aiki yana da tsada, kuma ya sha kayar da waɗanda suka fi mu ƙarfi. Kamfanin National Grid na Amurka ya kunna sabon tsarin SAP a Nuwamban 2012, daidai lokacin da ma'aikatansa ke fama da ɓarnar guguwar Sandy, albashi ya rikice, biyan 'yan kwangila ya tsaya, gyaran ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli, har kamfanin Wipro da ya yi aikin ya biya dala miliyan 75 a sulhun 2018. A birnin Los Anjeles sabon tsarin bil da hukumar ruwa da wuta ta kafa a 2013 ya caji dubban mutane fiye da ƙima, magana ta kai kotu. A Gana kuma, a ƙarshen Satumban 2022, tsarin sayar da katin wuta na kamfanin ECG ya tsaya kwanaki, masu kuɗi a hannu suka kwana cikin duhu. Darasin da ke cikin waɗannan ba wai a guji manhajar ba ne, a guji gaggawa da zuba mata gurɓataccen bayani. Kwamfuta ba ta tace ƙarya, abin da aka ba ta take yaɗawa, cikin sauri kuma. Don haka matakin farko na ƙafa ne: a bi Nasarawo da Bolari da Pantami da Jekadafari gida-gida, a ƙirga masu wuta, a sa wa kowace taransifoma da falwaya lamba, a ƙirga kayan sito da hannu. Sannan a fara da sashe ɗaya, a bar tsohon tsari yana tafiya gefe har sabon ya zauna, a horar da ma'aikata, a tanadi hanyar aiki ranar da intanet ta yanke.

Akwai kuma waɗanda ba za su so tsarin ba saboda dalilin da ba za su faɗa a fili ba. Ma'aikacin da ya saba karɓar na goro ya goge bashi zai ga cewa yanzu kowane gyaran bil yana ɗauke da sunansa da lokacin da ya yi shi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai gidan da ya zagaye mita shi ma asirinsa zai tonu, domin idan aka gwada wutar da ta shiga taransifoma da jimillar bil ɗin gidajen da ke kanta, giɓin zai fito fili. Wannan alheri ne ga mai gaskiya ta kowane ɓangare. Ma'aikacin kirki zai sami shaidar aikinsa, maƙwabcin da ke biya kuma zai daina ɗaukar nauyin wanda ba ya biya.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumarsu ta kula da wuta a cikin iyakarsu, don haka Gombe na da bakin magana fiye da da. Abin da ya kamata gwamnati da ƙungiyoyin masu sana'a irin na Nasarawo su nema daga duk kamfanin da ke sayar musu da wuta ba sunan manhajar da ya saya ba ne, sakamakonta ne. Kowane mai wuta ya iya ganin layinsa da rukuninsa da tarihin biyansa a wayarsa. Kowace ƙara ta sami lamba da wa'adin gyara. A riƙa bayyana sa'o'in da kowane layi ya samu a wata, a rage wa wanda bai sami haƙƙinsa ba. Kamfanin da littafinsa ya zama ɗaya zai iya cika waɗannan ba tare da wahala ba, wanda kuma ya kasa cika su, ko nawa ya kashe a kan kwamfuta, bai gama aikin ba tukuna.