Ƙaro, Gam da Danƙo: Zaɓen Kalma a Gyaran Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A Gadaka, garin Ngamawa da ke yankin Potiskum, Hausa ce harshen hulɗa tsakanin ƙabilu, kuma da ita ake bayanin sababbin sana'o'i. Wannan maƙala ta dubi sunan da ya dace da abin da kan liƙe tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ƙarfen da ke shanye zafinta.

2.0 Kalmomin

Ƙaro daga itace kamar dakwara yake tsattsafowa, kuma ruwa yana narkar da shi. Gam ararriyar kalma ce daga Ingilishi, aikinsa manne abu biyu. Danƙo kuwa yana iya nufin siffar liƙewa kawai.

Abin da ake shafawa a wurin yawanci man silikon ne, aikinsa isar da zafi, kuma ruwa ba ya narkar da shi. Akan kashe na'ura, a goge tsohon da tsumma mai laushi da sifirit, a bari ya bushe, sannan a shafa sabo. Kankara da wuƙa tana karce ƙarfen.

3.0 Kammalawa

Mafassarin da ya ce "ƙaro" ya tura mai gyara ga ruwa, alhali ruwa yana lalata na'ura. Saboda haka muna ba da shawarar "man isar da zafi", ragowarsa kuma "danƙo".