Me ke kai ɗalibanmu cikin coci a Italiya?

Wani lokaci yaro in ya tafi karatu Italiya sai ya turo hoto ta WhatsApp, ga shi tsaye cikin coci gaban wani mutum-mutumi. Nan take hankalin iyaye ya tashi: anya yaron nan bai sake addini ba? Kafin a yanke hukunci, mu duba yadda abin yake.

A Italiya, da yawa daga cikin manyan ayyukan zane da sassaƙa ba a gidan tarihi suke ba, suna cikin coci, inda aka yi su tun farko. Gidan tarihi sai da tikiti, amma yawancin coci a birnin Roma kyauta ake shiga. Ɗalibi mai ƙaramin guzuri kuwa, in ya ga ƙofa buɗe, zai leƙa.

Ga misali. Sashen koyon injiniyanci na jami'ar Sapienza bango ɗaya yake da cocin San Pietro in Vincoli. A ciki akwai mutum-mutumin farin dutse da Michelangelo ya sassaƙa wajen 1515 domin kabarin Fafaroma Julius na 2, da nufin siffanta Annabi Musa. Wanda ya gani yakan yi mamakin ƙahoni biyu a kansa. Asalinsu fassara ce: kalmar Ibrananci mai nufin fuskarsa tana haske, tushenta ɗaya da kalmar ƙaho, 'yar'uwar "ƙarnu" ta Larabci. Da aka juya littafin zuwa Latin sai aka ɗauki ƙaho.

To, don me ake cika coci da hotuna? A da, yawancin mutanen can ba su iya karatu ba, sai Katolika suka riƙa koyar da labaran addininsu ta hanyar hoto. A wurin Musulmi ba a siffanta annabawa, kuma wannan bambanci yana nan daram.

Shawararmu ga ɗalibai: wurin ibadar mutane ne. A rufe kafaɗa da gwiwa, namiji ya cire hula, a yi shiru in ana addu'a. Ku kuma iyaye, in hoton ya iso, ku kira yaron ku tambaye shi abin da ya gani kafin magana ta zaga gari.