Bayan canja taya a kan hanya: abin da ya rage kafin a tayar da mota

Direbobi da yawa suna ɗauka cewa da zarar tayar safaya ta hau, aiki ya ƙare. Alhali a cikin mintuna biyar na ƙarshe, lokacin da gajiya da fargabar tsayuwa a daji suka haɗu, ake yin kuskuren da kan sa taya ta fice daga mota tana cikin gudu.

Abu mafi muhimmanci shi ne ɗaure notoci. Yayin da mota ke bisa jak, da hannu kawai ake murɗa su har su kama. Ɗauri na gaskiya sai an sauke motar, tayar ta taka ƙasa, domin matsa sifana da ƙarfi a kan motar da ke rataye na iya tunkuɗe ta daga jak. Kuma ba a bin notocin a jere. Idan an ɗaure ɗaya, sai a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, kamar mai zana tauraro, don ƙarfen tayar ya zauna daidai. Al'adar hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle, wadda ta zama ruwan dare a tashoshinmu, ba gwaninta ba ce: tana miƙar da ƙusoshin har su karye daga baya. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a tsaya a sake gwada kowane noti, saboda sukan saki kaɗan.

Sai batun iska. Safayar da ta shekara a but tana rasa iska ko ba a taɓa ta ba, don haka a tsaya wurin mai faci na farko a auna. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba. Idan kuwa siririyar safaya ce, irin wadda ke zuwa da yawancin motocin da ake shigowa da su, ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita, kuma an yi ta ne don ta kai mutum wurin gyara, ba daga Abuja zuwa Maiduguri ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar safaya na iya fashewa ko da zanenta bai cinye ba. Fashewar taya ce ta jawo hatsarin da ya kashe ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ke tafe a baya. Duwatsun da aka tokare taya da su, da rassan itacen da aka jera a kwalta a madadin alamar gargaɗi mai kusurwa uku, wajibi ne a kwashe su. Mai babur da ya taho da daddare ba zai ga dutsen ba sai ya hau kansa. Alamar gargaɗin ce ake ɗauka a ƙarshe, ana tafiya ta gefen hanya ana fuskantar motocin da ke zuwa, fitilun gargaɗi na kunne har motar ta koma kan titi.