Fitilar Saita Wutar Inji: Mai Tsada Ba Kullum Take Faɗin Gaskiya Ba

A garejin Yamai da Maraɗi, da na Damagaram da Tawa, har yanzu ana ganin tsofaffin motoci masu shan isansi waɗanda ke ɗauke da jama'a da kayansu: Peugeot 404 da 504, tsofaffin Land Cruiser, da ƙananan motocin kaya. Wasu daga cikinsu an cire musu bis-filatine, an sa musu wutar lataroni wadda ba da ita aka ƙera su ba. Haka kuma baburan kabu-kabu, in akwatin wutarsu da ake kira CDI ya ƙone, sai a sayo wani a kasuwa a maƙala. Wannan canji yana da amfani, domin wutar lataroni ba ta cinyewa kamar bis-filatine. Amma ya zo da wata tambaya wadda ba kowane bakanike ya tsaya ya yi wa kansa ba: shin fitilar da yake auna lokacin wuta da ita tana fahimtar sabuwar wutar?

Kamar yadda masu karatu suka sani, mai da iska suna haɗuwa cikin silinda, fistan ya matse su, sa'an nan buji ya ba da tartsatsi su kama. Mai ba ya ƙonewa nan take, yana bukatar ɗan lokaci. Saboda haka dole tartsatsin ya fito kafin fistan ya kai ƙololuwarsa, kuma ana ƙidaya wannan rata da digiri na juyawar inji. A yawancin tsofaffin injuna ratar tana tsakanin digiri 5 da 12 in inji yana ralanti, tana kuma haura 30 in ya ɗauki gudu. Idan wuta ta yi gaggawa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, har ta kai ga huda kan fistan. Idan ta makara, mota ta rasa ƙarfi, ta sha mai, ta yi zafi, ta ƙona bawul ɗin hayaƙi. A cikin watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, mota mai lodi a kan hanyar Tawa zuwa Agadas ba ta yafe kuskuren digiri biyar.

Abin da ke rarraba wutar nan shi ne delko. Sunan ya samo asali daga kamfanin Delco na garin Dayton a Amurka, inda Charles Kettering ya tsara irin wannan wuta, aka fara sa ta a motar Cadillac a 1910. Faransawa suka riƙe sunan kamfanin ya zama sunan kayan, mu kuma muka gada daga gare su.

A zamanin bis-filatine, saita wuta ba ya bukatar kayan aiki mai yawa. Bakanike ya juya inji da hannu har alamar da ke jikin fuli ta daidaita, ya haɗa ƙaramin ƙwan fitila, ya murɗa delko a hankali har ƙwan ya kama, shi ke nan. Tun da kamfanonin Amurka suka koma wutar lataroni, Chrysler a 1973, General Motors a 1975, wannan dabara ta soma rasa amfani. Yawancin na'urorin lataroni, musamman masu aiki da maganaɗisu, ba sa ba da alama sai inji yana juyawa. Saura kunne, kuma kunne, duk gwanintar mai shi, ba ya ƙidaya digiri.

A nan ne fitilar saita wuta ta zama dole, wadda littattafan Faransanci ke kira lampe stroboscopique. Aikinta mai sauƙin ganewa ne. Tana da ɗan awartaki da ake maƙala wa wayar bujin silinda ta ɗaya. Duk sa'ad da wuta ta bi ta wayar, fitilar ta yi walƙiya. Da yake walƙiyar tana zuwa a wuri guda cikin kowane zagaye, sai ido ya ga alamar fuli kamar ta tsaya cik, ko da yake inji yana gudu. Inda ta tsaya, nan ne digirin wuta.

Fitilun nan iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai sauƙi, wadda ba ta san komai ba sai walƙiya da zarar ta ji wuta. Akwai kuma mai lissafi, wadda ke da maɓallin juyawa ko allon lambobi a bayanta. Da ita, bakanike yana juya maɓallin har alamar ta komo kan sifiri, sa'an nan ya karanta digiri a jikin fitilar. Ta fi kyau a ido, ta fi tsada, kuma a kan inji mai wutarsa ta asali tana aiki sarai. Sai dai ya kamata a san yadda take samun lambar da take nunawa. Ba ta ganin fuli. Abin da take yi shi ne auna lokacin da ke tsakanin tartsatsi da tartsatsi, ta ɗauka cewa wannan lokaci daidai yake da zagaye biyu na inji, watau digiri 720, sa'an nan ta jinkirta walƙiyarta gwargwadon abin da aka juya. Jinkirin kuwa ƙanƙane ne ƙwarai: in inji yana zagaye 900 a minti, digiri 10 ba ya cin kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa. Duk abin da ya ɓata mata ƙidayar tartsatsi ya ɓata lissafin baki ɗaya, kuma ba za ta ce ta ruɗe ba. Za ta nuna lamba kamar kullum.

Abu na farko da ke ruɗa ta shi ne akwatin wuta mai maimaita tartsatsi. Wanda ya fi suna shi ne na MSD, da aka fara ƙerawa a garin El Paso na jihar Texas a shekarun 1970, kuma yau akwai masu kwaikwayonsa da yawa. A ƙasa da zagaye 3000 a minti, irin wannan akwati ba tartsatsi ɗaya yake bayarwa ba, jeri yake saki a cikin digiri 20 na juyawar inji, domin man ya kama da kyau. Fitila mai lissafi takan ƙidaya kowane ɗaya a matsayin sabon zagaye. Sai a ga alamar tana tsalle, ko ta tsaya a wurin da ba nata ba. Masu ƙera akwatin da kansu suna ba da shawarar a guje wa fitila mai lissafi. Mai sauƙi kuwa tana walƙiya a tartsatsin farko, wanda shi ne ake nema.

Abu na biyu ya fi shafar mu a nan, domin shi ne halin yawancin ƙananan babura da kuma motocin da aka cire wa delko aka sa bobin ɗaya ga buji biyu. A irin wannan tsari buji yana ba da wuta a kowane zagaye, ɗaya mai amfani, ɗaya a banza lokacin fitar hayaƙi. Fitila mai lissafi sai ta zaci inji yana gudu ninki biyu, ta raba jinkirinta biyu. Ga abin da ke biyo baya. A ce wutar tana kan digiri 10, daidai yadda littafin inji ya ce. Fitilar za ta nuna 20. Bakanike mai amana, ganin haka, zai ja wutar baya har fitilar ta nuna 10, alhali a gaskiya ya mayar da ita 5. Ya ɓata abin da yake lafiya, ya kuma karɓi ladan aiki da zuciya ɗaya. Wasu fitilun suna da wurin zaɓi tsakanin inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu. In an sa ta a kan bugu biyu lissafin ya koma daidai. Wadda ba ta da wannan zaɓi, kada a amince da lambarta a kan irin wannan inji.

Akwai kuma wayoyin buji masu zallar tagulla a ciki, waɗanda wasu ke so don ba sa mutuwa da wuri. Suna watsa hayaniyar lantarki da ke rikita fitila mai allon lambobi, wani lokaci har da akwatin wutar kansa.

Wani zai ce: to, mai sauƙin ai ba ta iya auna digiri 30, tun da alamomin da ke jikin inji ba su kai can ba. Wannan gaskiya ne, amma maganinsa alli ne da ma'auni. A auna faɗin fuli. In milimita 150 ne, kewayensa milimita 471 ke nan, kowane digiri kuma ya kama milimita 1,3. Digiri 10 milimita 13 ne daga alamar sifiri, digiri 30 kuwa milimita 39. A sa zane da farin fenti a wuraren nan, a gefen da ke riga sifiri isowa in inji yana juyawa. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya wannan lissafi.

Ga ma'aikatan da ke sa hannu a takardar sayen kayan gareji, ra'ayinmu shi ne a fara da mai sauƙi, in kuɗi ya saura a ƙara mai lissafi wadda ke da zaɓin bugu biyu da huɗu. A duba haskenta, domin kanikawanmu a fili suke aiki: tsohuwar fitila mai jan hasken neyon ba a ganinta da rana, sai mai farin ƙwan zenon. A duba awartakin, gama abin da ke cikinsa yana fashewa in ya faɗi, kuma in bakinsa bai rufe ruf ba walƙiya za ta riƙa yankewa. Yawanci akwai kibiya a jikinsa wadda dole ta fuskanci buji. A kan bobin mai buji biyu, in fitilar ta ƙi kamawa, a juya shi. Babur marar batir mai bolt 12 kuwa, sai a jawo wa fitilar wuta daga wani batir na dabam.

Kafin a biya kuɗi, gwaji ɗaya ya isa. A ɗumama inji, a cire tiyon iskar da ke shiga delko a toshe shi, a karanta alamar da fitila mai sauƙi. Sa'an nan a kawo mai lissafin, a bar maɓallinta a sifiri: dole ta nuna wuri ɗaya. A juya ta zuwa 10: dole alamar ta matsa da digiri 10 cif a kan zanen fentin. In ta matsa da 5, ko ta riƙa rawa, fitilar ba ta dace da wannan wuta ba, sai a mayar wa mai kanti.