Daura ta cika da sabbin gine-gine, amma ina sanyin ɗakunan iyayenmu?

Duk wanda ya yi shekara goma bai zo Daura ba, idan ya shigo yau ta hanyar Kano sai ya tsaya ya tambaya ko ya yi ɓatan kai ne. Filayen da ake noma gero a da sun zama unguwanni, gidaje masu dogayen rufin kwano da ƙofofin ƙarfe sun jeru, shaguna da gidajen mai sun cika bakin titi.

Yawancin wannan sauyi ya faru ne a shekaru takwas na mulkin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023. A lokacin ne garin ya samu Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Asibitin Sojin Sama da Jami'ar Sufuri, aka kuma tsara layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya ratsa ta nan. Kuɗin fili ya tashi, masu hali suka shiga gini ba ƙaƙƙautawa.

Sai dai a majalisun hira ba a yi ittifaƙi a kan ingancin abin da ake ginawa ba. Wasu na ganin garin ya waye, ya fita daga sahun garuruwan da damina ke cinye wa katanga. Wasu kuma na cewa Daura ta zama kamar kowane gari: idan aka ɗauki hoton sabuwar unguwa, ba mai iya rantsuwa cewa ba a Dutse ko Gusau aka ɗauke shi ba.

Abin da masu son sabon gini ke faɗa

Masu goyon bayan bulo da siminti suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a raina ta ba. Ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara. Kafin ruwan farko ya sauka sai an hau soro an yi yaɓe, an gyara indararo, an toshe tsaga. Gidan da aka yi sakaci da shi shekara biyu ko uku, rufinsa na iya ruftowa a tsakiyar watan Agusta, kuma kowa ya san gidan da irin haka ta taɓa faruwa.

Ga kuma tsadar kayan aiki. Azara daga giginya ake samun ta, giginya kuwa ta yi ƙaranci. Maginan da suka iya aikin sun tsufa, 'ya'yansu da yawa sun koma birkiloli ko sun kama wata sana'a. Sannan akwai maganar mutunci: saurayin da ya ce zai ajiye amarya a ɗakin ƙasa ya san irin kallon da dangin ta za su yi masa.

Abin da aka bari a baya

To amma duk wanda ya taɓa kwana a soro a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas, ya san abin da aka rasa. Katangar tubali mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ba ta sake shi cikin ɗaki sai dare ya yi nisa. Da hunturu kuma ita ce ke riƙe ɗumi. Magabata ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun gina gidajensu a kansa.

Ni kaina na ga bambancin a gidanmu. Da aka rushe ɗakin kakarmu aka maye shi da na bulo mai inci shida da rufin kwano, kowa ya yi murna. Bazarar farko ba ta ƙare ba sai da tsohuwar ta mayar da tabarmarta gindin darbejiya, domin daga azahar zuwa la'asar ɗakin ba ya zaunuwa. Fanka na rataye a silin, amma wutar da za ta juya ta ba kullum take zuwa ba.

Ba sanyi kaɗai ginin gargajiya ke da shi ba, yana da tsari. Zaure shi ne wurin da maigida ke karɓar baƙi, malam ke karantar da yara, maƙwabta ke cin tuwon dare tare. Daga nan sai shigifa, wadda ke kare idon baƙo daga cikin gida. Sai tsakar gida mai faɗi da bishiya, inda mata ke aiki a sarari ba tare da wani ya leƙe su ba.

A sabbin gidaje da dama get ya maye gurbin zaure, tsakar gida ta zama wurin ajiye mota, an shafe ƙasa da siminti har ba inda ruwan sama zai nutse. Baƙo ko dai ya tsaya a titi, ko a shigar da shi falo a takura wa matan gida.

Fada ta isa misali

Mai son ganin gwanintar maginan Daura ya nufi tsohon gari, wajen fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da unguwannin da ke kewaye da Rijiyar Kusugu. A nan ne har yanzu ake ganin zankwaye a saman soraye da zanen dagi a fuskar zaure.

Abin da ya fi burge masana shi ne rufin da ake kira bakan gizo ko ɗaurin guga. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kusan mita biyu. Sai magina suka gano dabarar jera azara daki-daki daga jikin bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su, a lulluɓe da ƙasa, har su haɗu a tsakiya kamar baka. Da haka ake samun babban ɗaki ba ginshiƙi a tsakiya, ba rodi, ba kankare.

Don kare bango daga ruwa kuma suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsin marina. Irin wannan ilimi ne ya sa har yau ake ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A ƙasar Hausa gini sana'a ce mai sarauta, shi ya sa ake da Sarkin Magina.

Matsalar ba siminti ba ce

Idan aka duba da kyau, siminti ba shi da laifi. Laifin yana ga yadda ake amfani da shi. Gidaje da yawa ana fara su ne ba tare da mai zanen gini ko injiniya ya ga filin ba. Maigida ya ga hoton wani gida a Facebook, ya nuna wa birkila, shi ke nan. Ba a duba inda rana ke faɗuwa, ba a duba ta inda iska ke shigowa, ba a duba inda ruwa zai bi.

Da farashin buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024, sai wasu masu buga bulo suka ƙara yashi don buhu ɗaya ya fitar da adadi mai yawa. Irin wannan bulo da hannu ma ana iya marmashe gefensa. A kansa ake ɗora rufi mai tsini irin na ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, wanda ke cin katako da kwano masu yawa, kuma shi ne farkon abin da guguwar farkon damina ke yayewa. Kuɗin da ya kamata ya tafi ga harsashi da kaurin bango sai ya ƙare a fenti da adon get.

Maƙwabtanmu sun gwada wata hanya

Ba sai an je nesa ba kafin a ga cewa akwai hanya ta uku. A Jamhuriyar Nijar, masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A garin Dandaji kuma, mai zanen gini Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, suka gyara tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe shi. An kammala aikin a 2018.

A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da silin don iska ta riƙa ratsawa tana kwashe zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, lambar yabo mafi girma a fannin zanen gini a duniya.

Masu ginin Dandaji da Gando ba su ƙi siminti ko kwano ba. Sun sa kowanne a inda ya fi amfani: kankare a harsashi, ƙasa a bango, rufi mai baki da ke kare katanga daga ruwa.

Wa zai fara?

Daura tana da abin da ake buƙata. Akwai jar ƙasa a Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, akwai sauran tsofaffin magina, ga manyan makarantu a cikin gari. Abin da ya rage shi ne a haɗa ɗalibai da waɗannan dattawa tun suna raye, a auna tsofaffin soraye a zana su, a kuma gina ko da aji ɗaya ko ɗakin shan magani ɗaya da bulon ƙasa don jama'a su shiga su ji bambancin da jikinsu.

Masarauta da ƙananan hukumomi biyar na iya fitar da jerin gine-ginen da ba za a rushe ba sai da izini, a kuma taimaka wa masu su da kuɗin yaɓe. Soron da aka rushe yau, samun wanda zai sake ɗaura irinsa zai yi wuya.

Shi kuwa mai shirin gini, kafin ya zaɓi launin fenti, yana da kyau ya tambayi birkilansa abu uku: ina baƙo zai zauna, ina za a dasa bishiya, kuma yaya ɗakin zai kasance da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu idan babu wuta.