BA DUK JINI A BAYAN GIDA NE BASIR BA

A nan Wudil, da mutum ya ga jini a bayan gida sai ya ce basir ne, ya jira kasuwar Juma'a ya sayi jiƙo. Wani kuma kunya ta hana shi faɗa. To, a kula. Jinin yana iya zama atuni, ko tsutsar tsargiya da ta sauka a hanji, wadda masu wanka da su a kogi kan ɗauka. Yana iya zama kuma gyambon hanji, ciwon da garkuwar jikin mutum ce ke juyowa tana cin hanjinsa.

Yaya likita ke rarrabewa? Da farko a auna bayan gida. In gudawa da jini sun ƙi tsayawa makonni, sai a tura mutum babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano, a leƙa hanjin. Ana gobe za a ba shi maganin wankin ciki. Ran aikin likita zai zura siririyar roba mai fitila da kyamara ta dubura, ya bi babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kamar mita ɗaya da rabi.

Gyambon hanji iri biyu ne. Na farko, kolaitis, daga dubura yake farawa ya hau sama a jere, ba tsallake. Hanjin ya yi ja wur, ana taɓawa sai jini. Na biyu shi ne ciwon Crohn, sunan likitan Amurka da ya bayyana shi a 1932. Shi tsallake yake yi, nan ciwo can lafiya, da tsaga masu zurfi kamar ƙasar fadama da rani.

Amma ido kaɗai bai isa ba. Likita zai ɗan tsinko ƙwayar nama a duba a madubin asibiti, don atuni yakan yi kama da kolaitis, kuma maganin kolaitis yana iya tsananta atuni har hanji ya huje.

Saboda haka yaro, in ka ga jini, gaya wa Inna ko Baba. Iyaye kuma a kai shi asibiti, ba a kunya wajen neman magani. Allah Ya ba mu lafiya, amin.