Ƙofar da Ke Tafiya da Kanta: Yadda Za a Tsare Yara daga Matsewa

Mai karatu, in ka bi titunan Lome daga Hanukope ka haura Tokoin har ka kai Agwe, za ka ga abin da kakanninmu ba su sani ba. Mota za ta tsaya a ƙofar gida, direba bai sauka ba, maigadi bai tashi daga bencinsa ba, sai ƙaton ƙyauren ƙarfe ya soma tafiya da kansa. An danna rimot ne, inji ya ja ƙofar.

Da can, zaure ne ƙofar gidan Bahaushe a zango. Baƙo ya yi sallama, yaro ya shiga ya fita, ba abin da zai kama shi. A 1977 aka tashi tsohon Zongon Lome aka mai da jama'a arewacin gari, wajen Togblekope. Tun daga lokacin gari yake ta faɗi, katanga tana ƙara tsawo, motoci suna ƙaruwa. Gidaje, makarantu, ɗakunan ajiyar kaya da filayen sayar da motoci na kusa da tashar jiragen ruwa duk sun koma ga manyan ƙofofin ƙarfe, wasu na turawa da hannu, wasu masu inji.

Wataƙila ka ce kai ba ka da irin wannan ƙofa. To, amma ɗanka yana zuwa makaranta, 'yarka tana kai saƙo gidan maƙwabta, ƙaninka yana gadi a gidan wani. Wannan magana ta shafe mu duka.

Me ya sa take da haɗari?

Ƙyauren gida ɗaya yakan kai kilo 200 zuwa 500, na kamfani ya fi haka nesa. Tafiyarsa a hankali take, kamar santimita 20 a daƙiƙa, shi ya sa mutane suke raina shi. Yaro yana ganin zai iya tsere masa, babba yana ganin zai iya tare shi da hannu. Amma inji ba shi da ido, ba shi da kunne. In ba a sa masa abin da zai gaya masa akwai mutum a hanya ba, zai ci gaba da turawa har sai ƙyauren ya kai inda aka tsara masa.

Wurare huɗu ne ƙofar ta fi kama mutum.

Na farko, bakin ƙofa, inda ƙyaure ke haɗuwa da ginshiƙi lokacin rufewa. Nan ake matse ƙirji ko wuya ko kai.

Na biyu, tsakanin sandunan ƙyauren da katanga. Yaro ya zura hannu ko kai tsakanin sanduna, ƙofa ta motsa, ta ja shi zuwa ginshiƙi kamar almakashi. Wannan yakan faru ne lokacin buɗewa, lokacin da ba wanda ke tsammanin haɗari.

Na uku, ƙasa, wurin tayoyi da dogon da suke bi, da haƙoran inji. Nan yatsun ƙafa da na hannu suke tafiya, nan kuma bakin zane ko hijabi ko doguwar riga ke maƙalewa.

Na huɗu, wurin hinji a ƙofa mai ɓare biyu. Ratar da ke tsakanin ƙyaure da ginshiƙi tana buɗewa tana rufewa, ƙarfin matsewarta kuwa ya fi na bakin ƙofar sau da yawa.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Ƙasashen da suka riga mu amfani da wannan ƙofa sun biya kuɗin karatu da rayukan 'ya'yansu. A Amurka, hukumar gwamnati mai kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a ta bayyana a 2001 cewa tun daga 1985 ta samu labarin mutuwar mutum 32 ta dalilin ƙofofi masu inji, 20 daga cikinsu yara ne. A ƙasar Birtaniya, a tsakiyar 2010, yarinya 'yar shekara 6 ta rasu a Mancesta, bayan 'yan kwanaki wata 'yar shekara 5 ta rasu a garin Bridgend. Dukansu ƙofa ce ta matse su kusa da gidajensu.

Saboda irin wannan aka tsaurara ƙa'idoji. Ƙa'idar Amurka mai suna UL 325 ta wajabta, tun daga shekarar 2000, a sa wa ƙofar mota mai inji hanyoyin kariya biyu, don in ɗaya ta gaza ɗaya ta yi aiki. A 2016 aka ƙara cewa inji ya riƙa bincika na'urorin tsaron da kansa, in ya ga ba sa aiki ya ƙi tafiya da kansa. Ƙa'idar Turai mai suna EN 12453 ta iyakance ƙarfin matsewa: a wurin da zai iya kama mutum, kada ya wuce kwatankwacin nauyin kilo 40, kuma dole ya sassauta kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.

Injinan da ake kawowa kasuwanninmu, da yawansu suna da wurin haɗa waɗannan na'urori. Matsalar ita ce, wajen ciniki, su ne abin da ake fara cirewa don kuɗi ya ragu. Arha ba ta ado. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na'urori uku da za ka nema

Ta farko ita ce idon ƙofa. Ƙananan akwatuna biyu ne, ɗaya a kowane ginshiƙi, suna kallon juna. Ɗaya yana aika wani haske da idon mutum ba ya gani, ɗaya yana karɓa. Da zarar mutum ko dabba ko mota ta gitta tsakaninsu, hasken ya katse, ƙofar da ke rufewa sai ta tsaya ta koma baya. A sa su daidai gwiwar babban mutum, kamar santimita 50 daga ƙasa, don su ga ƙaramin yaro. Ya fi kyau a sa biyu ta waje, biyu ta ciki. Amma ka sani, ido yana ganin layi ɗaya ne kawai. Jariri mai rarrafe zai iya wucewa ta ƙarƙashinsa, wanda ya tsaya daidai kan dogo kuma zai iya kasancewa tsakanin layukan biyu. Shi kaɗai bai isa ba.

Ta biyu ita ce leɓen roba. Doguwar roba ce mai laushi da ake mannawa a bakin ƙyaure da jikin ginshiƙi. A cikinta akwai abin da ke jin taɓawa. Da ta taɓa jiki, inji ya tsaya ya ja da baya. Kada ka rikita ta da robar banza da ake sawa don rage ƙara. Ta gaskiya tana da waya ko ƙaramar na'ura da ke haɗa ta da inji. A sa ta a gefen rufewa da gefen buɗewa duka.

Ta uku tana cikin injin kansa: ma'aunin ƙarfi. Inji mai kyau yana jin in ƙofa ta ci karo da wani abu, sai ya tsaya. Amma in dogo ya cika da yashi, ƙofa ta yi nauyi, wasu masu gyara sukan ƙara ƙarfin inji har ƙarshe maimakon su share dogon. Daga ranar, inji ba zai iya bambanta yashi da ƙirjin yaro ba. In mai gyara ya ce zai ƙara ƙarfi, ka ce masa ya fara gyara abin da ya sa ƙofar ta yi nauyi.

Bayan waɗannan, ka sa mai walda ya rufe sandunan ƙyaure da raga mai ƙananan idanu ko farantin ƙarfe, yadda hannun yaro ba zai shiga ba. Maɓallin bango kuma a sa shi nesa da ƙofa, kamar mita 2, inda mai dannawa yake ganin ƙofar duka, kuma inda ba wanda zai zura hannu ta cikin sanduna ya kai gare shi. In da hali, a buɗe ƙaramar ƙofa daban domin masu tafiya a ƙasa.

Abin da ke kashe na'urorin a garinmu

Lome gari ne na yashi da iskar teku. Gishirin da ke cikin iska yana cin ƙarfe da wayoyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yakan rufe fuskar idon ƙofa, sai ƙofa ta ƙi rufewa. Da damina, unguwannin da ke bakin tabkin gari irin su Hanukope suna fama da ruwa, ya shiga akwatin inji. Tururuwa da ƙadangaru ma suna shiga su yi ɓarna.

A nan ne ake yin babban kuskure. Ƙofa ta ƙi rufewa, maigida ya gaji, sai a kira yaron mai gyara ya haɗe wayoyi ya tsallake idon. Ƙofa ta koma aiki, kowa ya ji daɗi, alhali an makantar da ita. Ƙofar da ta ƙi rufewa tana gaya maka ne akwai abin da ya lalace. Sau da yawa tsumma mai laushi ya isa maganin abin.

Gwajin wata-wata

Ka ware rana ɗaya a kowane wata. Ka share dogo, ka goge idanu. Ka danna rufewa, sa'annan ka tura kwali da doguwar sanda tsakanin idanun. Dole ƙofa ta tsaya ta koma. Sai ka ajiye jarkar roba cike da ruwa a kan dogo, inda idanun ba sa ganinta, ka sake dannawa. Da ta taɓa jarkar dole ta ja da baya. In ta murƙushe jarkar ko ta yi ta tura ta, kashe injin nan take, a riƙa buɗewa da hannu har a gyara. Kada a taɓa gwaji da hannu ko ƙafa.

Kowane inji yana da makullin saki, wanda ke raba inji da ƙyaure don a iya turawa da hannu in an ɗauke wuta. Ina naka yake? In yana cikin aljihun maigida shi kuma yana kasuwa, ba shi da amfani. A rataye shi kusa da ƙofa inda yara ba sa kaiwa. Uwargida, maigadi, 'yar aiki da manyan yara duk su koyi amfani da shi, su gwada da hannunsu.

Kai maigadi, kada ka danna rimot sai idonka yana kan ƙofa, kada ka juya baya sai ta gama rufewa. Ke uwa, ki hana yara hawa ƙyaure yana tafiya, ki hana su tsere da shi. Rimot ba abin wasa ba ne.

Ƙofar da ba ta da inji fa?

Ita ma tana kisa, kuma ita ta fi yawa a unguwanninmu. In ba a sa mata ƙarfen tsayarwa a ƙarshen dogo ba, wata rana za a tura ta da ƙarfi ta zarce, ta fita daga maƙalinta na sama, ta kife a kan wanda ke kusa. Ka duba yau: akwai ƙarfe mai ƙwari a kowane ƙarshe? Akwai ginshiƙi na biyu da zai tare ta in ta karkace? Tsatsa ta ci waldar hinji? Wannan gyara ne na yini ɗaya wurin mai walda.

In abin ya faru

Ka tsayar da inji, ka kashe wuta, ka saki makulli, a tura ƙyauren baya. Kada a ja mutum da ƙarfi alhali ƙarfe yana riƙe da shi. A yi sauri, domin wanda aka matse wa ƙirji ba ya iya numfashi, ƙwaƙwalwa kuma takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba iska. Wani ya kira 'yan kwana-kwana a lamba 118.

In ba ya motsi kuma ba ya numfashi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Danna tsakiyar ƙirji sau 30, da sauri, ka hura masa iska a baki sau 2, ka ci gaba haka har taimako ya zo. In yana numfashi amma ƙarfe ya taɓa kai ko wuya ko baya, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a ɗauke shi a kan katako, a kai shi a mota. Kada a ɗora shi a babur.

In jini yana zuba, danne wurin da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka ko ƙasa ko man birki. In yatsa ya cire, a naɗe shi da tsumma mai ɗan laima, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi. Kada a ba majinyacin abinci ko ruwa, don wataƙila za a yi masa aiki.

Ko da yaro ya tashi yana tafiya, a kai shi asibiti ranar. Haƙarƙarin yaro yana da laushi, sau da yawa yakan lanƙwashe ba tare da ya karye ba, amma hanta ko saifa ko huhu na iya fashewa daga ciki jini yana zuba ba a gani. Babban rauni kuwa, a wuce da shi asibitin Sylvanus Olympio da ke Tokoin ba tare da yawo ba. Kada a fara da mai ɗori kafin a ɗauki hoto. A tambayi allurar rigakafin sandarewar jiki, domin raunin ƙarfe da ƙasa yana kawo ta.

Bayan an dawo gida, ku sa ido kwana biyu zuwa uku. A koma asibiti da gaggawa in fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi ko ya ragu, domin naman da ya murƙushe yana sakin abin da ke toshe ƙoda. Haka nan in hannu ko ƙafa ta kumbura ta yi tauri, ciwo yana ƙaruwa, yatsu sun yi sanyi ko sun mutu. Haka nan in akwai ciwon ciki, amai, yawan barci ko wahalar numfashi.

Mai karatu, mun saba cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma mu ɗin ne kuma muke cewa rigakafi ya fi magani. Yaron da ƙofarka za ta kama, sau da yawa ba naka ba ne. Ɗan maƙwabci ne da ya biyo ƙwallonsa, ko 'yar talla da ta tsaya hutawa a inuwar katanga. Kafin ka ajiye wannan ɗan littafi, ka fita ka dubi ƙofar gidanku, ka nemo makullin saki, ka yi gwajin kwali da jarka. In ƙofar ba taka ba ce, ka kai wa mai ita littafin ya karanta.